Maigida ya dawo daga fagen daga, amma zaman gida ya ƙi daidaita: ina neman shawara

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, musamman matan sojoji da su kansu sojojin da ke cikin wannan zaure. Maigidana ya yi shekaru a Arewa maso Gabas yana zuwa fas, wato ɗan hutun ganin gida, jefi-jefi, kuma a watannin baya aka sauya bataliyarsu, ya dawo bariki gaba ɗaya. Duk tsawon lokacin nan katin albashinsa yana hannuna: ni ke cefane, ni ke biyan kuɗin makaranta, ni ke kai yara asibiti, kuma ni ke aika wa mahaifiyarsa abin da ya ware mata duk wata. Na ɗauka ranar da ya dawo wahalata ta ƙare, sai ga shi ba ya son magana, barcinsa kaɗan ne, autanmu yana gudunsa, kuma duk abin da na yanke a gida sai ya ga kamar na raina shi. Shin in sakar masa ragamar gida nan take domin a zauna lafiya, ko kuwa a bi a hankali? Sannan ta yaya mace za ta bambance gajiyar da za ta wuce da larurar da ke buƙatar likita?

Uwargidan_Saje:
Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Abin da kika faɗa babu wanda bai faru a ɗakina ba. Shawarata ita ce kada ki jira ya tambayi katin. Ki ɗauko shi tare da littafin da kike rubuta kashe-kashe, in kina da shi, ki ajiye a gabansa bayan yara sun kwanta, ki nuna masa nawa buhun shinkafa yake lokacin da ya tafi da nawa yake yanzu. Nawa maigidan ya karɓa ya riƙe na ɗan lokaci, ya je kasuwar mami, wato kasuwar bariki, da kansa ya ga farashi, daga baya ya dawo mini da kuɗin cefane ya riƙe na makaranta da na gida. Abin da ke damunsa shi ne ya ga cewa gidan ya ci gaba da tafiya ba tare da shi ba, kuma babu wanda ya nemi shawararsa tun da ya dawo.

Abu_Sadiq_Zariya:
Ni a ganina maganar ba ta kai a yi ta tsawaitawa ba. Namiji shi ne shugaban gida, amana ya bar miki, ya dawo sai ki mayar masa da amanarsa. Batun shiru kuwa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 sun dawo ba mu ji ana kai su wurin likita ba.

Tsohon_Samanja:
Abu Sadiq, ɗana, ba ka ji ba ne domin ba a faɗa maka ba. Na shiga soja a hannun waɗanda suka yi yaƙin basasa, kuma na san waɗanda giya ta cinye a cikinsu, na san waɗanda matansu suka tattara kaya suka koma gida ba tare da sun iya bayyana dalili ba. Ni kaina na je Laberiya a rundunar ECOMOG ta kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta sauka Monrovia a watan Agustan 1990, daga baya kuma na je Saliyo. A wancan zamani babu wayar hannu, domin sai 2001 layukan GSM suka shigo Najeriya, saboda haka wasiƙa muke rubutawa mu ba wanda zai dawo gida, wani lokaci ta isa bayan labarin da ke cikinta ya tsufa.

Da na dawo, abin da ya fi yi mini wuya shi ne hayaniyar gida. A daji kunnen mutum yana tace kowane motsi, domin ƙarar da ba ka gane ba tana iya zama ajalinka. Ka dawo gida da wannan kunnen, sai yaro ya jefar da kwano a tsakar gida, kafin ka ankara ka riga ka miƙe tsaye zuciyarka tana bugawa, ka daka masa tsawar da ba ta dace da laifinsa ba. Na daɗe ba na iya zama in ba wa ƙofa baya, ko a masallaci nakan nemi gefen da zan ga mai shigowa. Maman Khalifa, 'yata, shirun mijinki ba raini ba ne. Akwai abubuwan da ya gani waɗanda ba ya son su shiga ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Kada ki matsa masa da tambayar abin da ya faru a can, amma ki bar masa ƙofa, domin wata rana zai fara da ɗan guntun labari, kuma yadda kika karɓi wannan guntun shi zai sa ya ƙara ko ya rufe baki.

Maman_Khalifa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Batun ƙofa da ka ambata haka yake yi, har kujerarsa ta falo ya sauya mata wuri, kuma yakan tashi cikin dare ya duba sakata fiye da sau ɗaya.

Ma'aikaciyar_Jinya_Kd:
Ina aiki a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka bari in amsa tambaya ta biyu. Rashin barci, saurin firgita da son kaɗaici a makonnin farko abu ne da ake gani a wurin mutane da yawa, kuma sau da yawa yana raguwa da kansa idan mutum ya samu hutu da natsuwa. Inda muke cewa a ga likita shi ne idan abin ya wuce wata guda bai ragu ba kuma yana hana shi aiki ko zaman iyali: mafarkin abu ɗaya yana maimaituwa, ko ya ji kamar abin yana sake faruwa a gabansa da rana tsaka, ko ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, ko ya ce ba ya jin komai a zuciyarsa ko da game da 'ya'yansa. Wannan shi ne ciwon ɗimuwa bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, kuma yana da magani, mafi yawa ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa bisa tsari, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi.

Akwai abubuwa biyu da iyalai ke yawan mantawa. Wanda bam ya tashi kusa da shi yana iya samun raunin ji ko ƙara a kunne, sai mace ta yi ta magana ta ɗauka share ta yake yi, alhali bai ji ba ne. Haka kuma girgizar fashewar tana iya barin ciwon kai, mantuwa da saurin fushi ko da babu rauni a fili. Saboda haka a duba kunne da kai, kada a tsaya a kan hali kawai. Abubuwan da ba a jira da su ko kwana ɗaya kuwa su ne maganar kashe kai, duka, barazana da makami, da dogaro da tiramadol ko giya kafin a iya barci. Ana iya farawa daga asibitin bariki, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, ga kuma na Dawanau a Kano.

Kofur_Mai_Aiki:
Anti, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ki sani da yawa daga cikinmu muna tsoron kada a rubuta a fayil ɗin mutum cewa kansa ya taɓu, abokan aiki su daina yarda da shi, ko abin ya shafi ƙarin girma. Ko tsoron yana da tushe ko ba shi da shi, shi ne ke hana mutane zuwa. Sannan ina roƙon matanmu su fahimci abu guda: a can, mutanen da kuke kwana rami ɗaya kuna raba garin kwaki da ruwan gora ɗaya sun zama 'yan'uwanka, wasunsu kuma a gabanka suka faɗi. Idan ka dawo kana cin abinci mai kyau, sai ka ji kamar ka ci amanar waɗanda ka baro da waɗanda ba su dawo ba. Shi ya sa za ku ga mutum ya fi sakewa da abokan bataliyarsa a gindin bishiya fiye da cikin ɗakinsa.

Hajiya_Magajiya:
Na riƙe muƙamin Magajiya, wato shugabar matan sojoji, a barikinmu shekaru da dama, kuma ƙarar da ta fi zuwa gabana bayan dawowar bataliya ba ta wuce uku: kuɗi, tarbiyyar yara, da zargi. Na ukun ne ya fi kashe aure. Mutum yana daji wani ya buga masa waya ya ce an ga matarsa a wuri kaza, ko 'yan'uwansa su ce ta cika fita, alhali fitar nan asibiti ce da makaranta da banki, wato aikin da shi ne zai yi da yana nan. Sai ya dawo da maganar a cikinsa, ba zai tambaya ba, sai dai ya riƙa binciken waya. Ita ma tana da nata zargin, domin ta ji labarin waɗanda suka yi aure a inda aka tura su ba su sanar ba.

Abin da nake gaya wa matasan mata shi ne kada su bari magana ta kwana a bakin maƙwabta. Ɗakunan bariki a manne suke, abin da aka faɗa a ɗaki ɗaya ana jin sa a na kusa. Idan abu ya fi ƙarfinku, ku nemi mutum ɗaya mai riƙon sirri wanda mijin yake jin nauyinsa, ko limamin bariki ne, ko fasto, ko wani dattijo a danginsa. Ban yarda da Abu Sadiq ba cewa a miƙa komai rana ɗaya. Yarinyar da ta riƙe gida ita kaɗai, ta yi jinya ita kaɗai, wata ma ta haihu mijin ba ya nan, ba za a ce mata ta koma kamar amaryar da aka kawo jiya ba. Ita ma ta canza, kuma hakkinta ne a gode mata da baki.

Abu_Sadiq_Zariya:
Hajiya, ban ce kada a gode mata ba. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da kowane saɓanin miji da mata ciwo, har namiji ya rasa ta cewa a gidansa domin da ya yi magana sai a ce yaƙi ne ya taɓa shi.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Tsoron Abu Sadiq yana da wurin zama, amma addini bai bar wannan babi ba tare da shiriya ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, kuma a dawowarsu daga wani yaƙi ya umarci sahabbai su dakata domin mata su samu damar kintsawa. Malamai sun ambaci cewa daga hikimar hakan akwai kauce wa neman laifin iyali da tuhumarsu. Ya kuma tabbata cewa idan ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu. Ga wanda ya lura, shari'a ta ɗauki dawowa a matsayin abin da ake shirya masa daga ɓangarorin biyu.

An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya sanya wa mayaƙa iyakar da ba za su wuce ba sai sun dawo gida. Ruwayoyi sun ambaci wata huɗu, wasu wata shida. Shugabancin gida na miji ne, babu jayayya, amma shawara da iyali sunna ce, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. A yi addu'a, a yi azkar na kwanciya barci, a kuma je asibiti.

Ɗiyar_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka abin yake ga waɗanda aka tura yankin Diffa, musamman bayan harin da Boko Haram ta kai garin Bosso a watan Yunin 2016. Abin da nake so in ƙara shi ne batun gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Mu biyu ne a wurin maigidanmu, kuma da ya dawo rikicin farko a kan rabon kwana ya tashi, domin kowace tana ganin ita ta fi cancanta a fara da ɗakinta. Ni da abokiyar zamana muka zauna muka yarda a ci gaba daga inda aka tsaya ranar da ya tafi, muka kuma yarda cewa duk wadda ta ga ya yi mummunan dare za ta sanar da 'yar'uwarta da safe domin a janye yara daga kusa da shi har ya huce. Wannan ya taimaka mana ƙwarai, ko da yake na san ba kowane gida ne ake samun irin wannan fahimta ba.

Ɗan_Bariki_Rukuba:
Ku ba ni dama in yi magana da bakin yara, domin a barikin Rukuba ta Jos na tashi kuma mahaifinmu ya je Darfur ina firamare. Ana ta maganar miji da mata, amma yaro ma yana da nasa lissafin. Lokacin da Baba ya tafi, ni ne babba, ni ke rufe ƙofa da dare, ni ke raka Mama coci da kasuwa. Da ya dawo sai na koma yaro rana ɗaya, kuma abu na farko da ya fara yi shi ne gyara mana tarbiyya da tsawa irin ta fareti, domin a ganinsa Mama ta sangarta mu. Ƙanwata da aka haifa ba ya nan ta daɗe tana ɓuya a bayan Mama idan ya shigo.

Abin da ya gyara tsakaninmu ƙaramin abu ne. Ya fara kai mu makaranta a kan babur da safe, ba ya cewa komai, sai dai ya tsaya ya saya mana ƙosai a bakin geti. A hankali ƙanwata ta fara riƙe rigarsa. Maman Khalifa, game da autanku, kada a tilasta masa zuwa wurin babansa, kada kuma a ce masa ya ba babansa kunya. A ba su wani aiki na kullum da za su riƙa yi su biyu, ko da zuwa sayen burodi ne, sannan hukuncin yara ya zauna a hannunki na ɗan lokaci har su saba da shi.

Uwargidan_Saje:
Wannan batu na hukunci gaskiya ne, amma a yi hattara kada a nuna wa uban cewa an hana shi tsawata wa 'ya'yansa. Ni a ɓoye muka yi yarjejeniya cewa idan ransa ya ɓaci zai fita ya zaga, in ya dawo mu yanke hukuncin tare.

Bintu_Maiduguri:
Ni mijina bai dawo ba, Allah ya ji ƙansa da sauran waɗanda suka rasu. Ban faɗi haka domin in hana kowa kokawa ba, domin na tsani a riƙa ce wa mace ta yi shiru tunda nata ya dawo da rai. Na ga maƙwabciyata tana shan duka tana ɓoyewa saboda irin wannan magana. Godiya ga Allah daban, zama cikin cutarwa daban. Na tuna 2013 lokacin dokar ta-ɓaci da aka katse layukan waya a Borno, muka yi ta zama ba labari. Matan da suka wuce wannan hali su ma suna ɗauke da nasu firgicin, kuma ban taɓa jin an tambaye su yadda suke barci ba.

Ma'aikaciyar_Jinya_Kd:
Allah ya ji ƙansa, Yaya Bintu, kuma kin taɓo abin da ya kamata in faɗa tun farko: matan ma muna ganinsu da rashin barci, faɗuwar gaba da hawan jini, kuma su ma a duba su. Game da tsoron da Kofur ya ambata, sirrin majinyaci wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi tanadi a kan haƙƙin majinyata da hana nuna musu wariya. Maganar ma ta fara fitowa fili a manyan wurare. A watan Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu larurar PTSD ta rundunonin soja a Giri da ke Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta DEPOWA ta jagoranta, Hajiya Aisha Buhari ta bayyana cewa mijinta ya yi fama da ita shekaru bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. Idan an faɗi haka game da janar kuma shugaban ƙasa, kurtu bai kamata ya ji kunya ba.

Maman_Khalifa:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Batun kati da littafin kashe-kashe zan gwada shi a ƙarshen wata idan albashi ya shigo. Wanda ya rage mini shi ne yadda zan ambaci asibiti ba tare da ya ji kamar na ce ya haukace ba, domin dawowarsa ta wuce wata guda da nisa kuma barcin bai gyaru ba. Duka dai bai taɓa yi ba, alhamdu lillahi.

Hajiya_Magajiya:
'Yata, ki bi ta hannun samanjan bataliya ko matarsa. Sun san yadda ake kiran mutum a keɓe a yi masa magana ba tare da an tozarta shi ba.

Kofur_Mai_Aiki:
Hajiya, ki gafarce ni, amma a nan ban goyi baya ba. Ranar da soja ya ji cewa matarsa ta kai maganarsa wurin na gaba da shi, zai ɗauka ƙararsa aka kai, kuma zai daɗe bai manta ba. Hanyar manya a ajiye ta sai idan akwai duka ko barazana, a nan kam kada a yi jinkiri. In ba haka ba, ta nemi abokinsa da suka dawo tare, wanda ya san abin da ya gani, shi ya ce masa su je tare. Kuma a fara da abin da ba ya jin kunyar faɗa, wato rashin barci da ciwon kai, likita ya san tambayoyin da zai yi daga nan.

Tsohon_Samanja:
Na riƙe kujerar samanja, don haka na san duka biyun suna faruwa. Akwai samanjan da zai rufa asiri ya taimaka, akwai wanda maganar za ta fita daga ofishinsa kafin azahar, kuma Maman Khalifa ce ta san wane iri ne nasu. Ni abokina ne ya kai ni, bayan matata ta same shi a ɓoye, kuma sai da shekaru suka wuce na san ita ce ta tura shi. In abokin nasa yana wata bataliyar yanzu, ko ta waya ya kira shi ya isa a fara.